Wanda Ya Fara Shi Ke Gamawa

Nereida na jiran mota a tashar San Pedro lokacin da rediyon mai gahawa ya ce an cire wani matashin mai jifa daga wasan besbol, na jifan ƙwallo a buga da sanda, a zagaye na biyar. Tsohon da ke gefenta ya ja tsaki.

"Ji lalacewa. Yaro na cin wasa, koci ya zo ya karɓe ƙwallo."

"Hannunsa suke tattali, Baba."

"Tattalin me? A zamaninmu wanda ya fara shi ke gamawa, zagaye tara cif. Akwai shekarar da duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni gama wasa. In koci ya taso, harara ɗaya ya koma ya zauna. Na yanzu kuwa 'yan lele ne, ƙirga musu jifa ake yi kamar ƙwayar magani."

Ran Nereida ya ɓaci. "Ɗana ma mai jifa ne. Ban haife shi don a tsotse shi kamar rake a yar ba."

"To ki saya masa katifa ya kwanta."

Mota ta iso. Tsohon ya miƙa hannun dama, hannun jifarsa, zai kama ƙarfen ƙofa, hannun ya tsaya iya ƙirji ya ƙi ɗaguwa. Nereida ta tallafe shi ya hau.

Sai da suka zauna ya yi magana, yana kallon taga.

"Yaron naki, in koci ya zo, ya miƙa ƙwallon. Amma kar ki ce ni na faɗa."