Shafukan da Malam Musaddiƙ Ya Ɗebo Mana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ranka ya daɗe Hakimi, mai girma Dagaci, Allah gafarta Malam Liman, shugaban makaranta, Baba Hussaini mahaifin mamaci, Malama Saude uwar 'ya'yansa, 'yan uwana malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

Da yawanmu mun ɗauka idan babu sabis, kwamfuta ta zama kwango. Ni ma haka na ɗauka, sai da Malam Musaddiƙ ya zaunar da ni. Ya ce manhajar buɗe shafukan intanet tana da 'yar ma'ajiya, shafin da ka buɗe takan ajiye kwafinsa. Wani shafin ya zauna, wani ya ƙi. Wanda ya zauna, ko a tsakiyar gona kake za ka karanta shi.

A kan wannan 'yar ma'ajiya ya ɗora karatun kimiyya na makarantarmu, domin ƙauyen nan namu na ƙasar Gwiwa ba shi da sabis. An yi mana alkawarin ƙarfen sabis, an auna fili, an tafa. Filin yana nan, awaki na kiwo a ciki.

Ya kasance yana sauraron tambayoyin yara duk mako. Ya kasance ran Asabar yana goya kwamfutar makaranta a babur, ya hau dutsen hanyar Roni inda sabis ke kamawa, ya yi ta buɗe shafuka yana jira kowanne ya gama sauka. Ya kasance yana dawowa ya buɗe wa aji, yana cewa, "Ku karanta, amma kowa ya janye yatsansa daga maɓallin sabuntawa, kada shafin ya ɓace!"

Mu kuwa me muka yi? Dariya. Idan ya wuce majalisa sai a ɗaga murya: "Malam, an tafi ɗibar sabis? A sammana kofi ɗaya!" Shi kuma ya ce, "Kawo tulunka, Alhaji, in dai ba ya yoyo." Mun yi dariya, amma ba wanda ya taɓa cewa, "Malam, huta, wannan makon ni zan je."

A hanyar dawowa daga dutsen nan mota ta buge shi. Kwamfutar tana jakar bayansa, ko tsagewa ba ta yi ba. A cikinta akwai shafukan da ya ɗebo wa 'yan ajin ƙarshe, masu jarrabawa a gabansu.

To ku ji abin da ya hana ni barci. Ana zaman makoki wani jami'i ya zo duba kayan makaranta. Ya kunna kwamfutar, ya ga tana nauyi, ya danna nan ya danna can. Ya miƙo mana yana murmushi: "Shara ce ta cika ta, na share muku. Yanzu sai gudu!"

Shara! Abin da mutum ya ba da ransa wajen ɗebowa! Bai tambayi kowa ba. Da muka buɗe, farin allo kawai. Mu'minat, shugabar ajin, ta ce da ni, "Malam, ina shafin zagayawar jini da ya ce zai kawo mana?"

Baba, ka yi haƙuri. Malama Saude, ki yafe mana. Mun bar miki miji yana hawa dutse shi kaɗai, kuma kayan da ya kawo na ƙarshe ba mu iya tsarewa ba.

Jarrabawar ba za ta jira mu ba. Ku manyan baƙi da kuka zo daga Kazaure da Babura, sabis har cikin ɗakunanku. Ku fito da wayoyinku yanzu. A nan babu sabis, ku nemi shafin da kuka karanta da safe. Wasunku za su gan shi yana nan. Wannan ne duk sirrin. Kwamfutar ga ta a kan tebur, wayam. Mu'minat da 'yan ajinta suna bakin ƙofa da tambayoyinsu. Ina son in ga wanda zai ɗauke ta yau, ya dawo da ita cike ran Litinin.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Malam Musaddiƙ, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma Allah Ya ba mu kunyar tashi daga nan hannu sake. Amin.