Daddawa a Kayan Matar Ma'aikaci

A bakin ruwan Warra, Shamsiyya na jiran kwalekwale da buhun dawa da ƙullin daddawa a gabanta, sai wata dattijuwa mai sayar da busasshen kifi ta leƙa kayan.

"Ɗiyata, da wagga atamfa taki, daddawa za ki kai gida? Halan maigida ya rasa aiki?"

"Yana nan a sakatariya, Inna. Ni ce na hana dunƙulen miya da biskit da lemun kwalba shiga gidana."

"Yaran suka yarda?"

"Ina fa. Ƙaramin, Auwal, ya kife kwanon tuwo, babbar ta ce miyata wari take. Na ce wanda yunwa ta kama ya san inda tukunya take."

"Ubansu fa?"

"Wai na mai da shi baƙauye a idon abokansa. Na ce ya ci a kasuwa. Ai ba shi ya danne Auwal ba ranar da aka cire masa ruɓaɓɓun haƙora, yaron da ko makaranta bai shiga ba."

Dattijuwar ta ɗaga gefen faifanta, sai ga ledar alewa a ƙarƙashi.

"Jikokina na sayo wa. In na koma babu ita, ba mai tarbata."

"Ga kifi a hannunki, Inna?"

"Sun raina shi."

Shamsiyya ta kwance bakin jakarta.

"Nawa ma za su raina. Zubo mini, za su ci ko da kuka."