Za Su Yi Nazari

A ɗakin jiran jirgi na Seattle, wani dattijo mai hular kaboyi ya ajiye wayarsa yana murmushi, ya juya ga matar da ke kusa da shi.

"Baiwar Allah, taya ni murna. Mutanen Osaka za su sayi zumata."

"Madalla. Sun sa hannu?"

"Sun ce za su yi nazari sosai."

"Da suka faɗa, sun ja iska ta haƙora?"

"Babbansu ya ja. Me ya faru?"

"Wayyo. A'a suka ce maka, malam."

"Wace irin a'a? Sun ba ni kifi, sun ba ni kyauta, sun raka ni har mota suna sunkuyawa!"

"Ai gawa ma ana raka ta."

"To me ya hana su ce ba sa so? A jiharmu ta Montana in mutum ba ya so, ƙofa yake nuna maka."

"Kunya. Ba sa son ranka ya ɓaci."

"Raina? Na sayi amyoyin zumar maƙwabcina kaf! Ɗana ya bar aikinsa ya dawo gona!"

Ta ce, "Ni sabulu nake yi. Suna nazarin nawa tun 'yata tana rarrafe. Bana ta shiga makaranta."

"To yanzu ina za ki?"

"Osaka."

"Yin me?"

"Wancan makon sun ce abin zai yi wuya. Tafintana ya ce da ba sa so, da ba su yi maganar wuya ba." Ta dube shi. "Kai ya ka gani?"