Jakunan Turai Mai Hatsi

A tashar Batsari, Kamilu yana jiran motar Safana ta cika, sai hira ta haɗa shi da wata tsohuwa da ke gefensa.

"Roƙo za ni wajen hukuma, Iya, a sa wa hanyar kasuwa sunan kakana, Alhaji Ɗanjummai. Shi ya haɗa kan fataken ƙasar nan suka daina kai wa kamfanin Turawa fata da gyaɗa. Har kurkuku ya sha a kan neman 'yanci, amma yau ba mai ambatonsa."

"Allah ya jiƙansa, na san shi," in ji tsohuwar. "Dogo, mai wushirya. A zauren Turai mai hatsi yake tara mutane."

"Wace ce kuma Turai?"

"Ita ke tura jakunanta zuwa ƙauyukan Wagini da Yasore, gero a bisa, saƙon taro a bakin masu kora. Da aka kama kakanka, ita ta riƙe gidansa har ya fito. A kan haka aka ƙwace mata rumfa."

Kamilu ya yi murmushi. "Ai wannan taimako ne irin na mata, Iya. Ni zancen shugabanni nake."

"Masu kamen ma haka suka ce, shi ya sa ba su ɗaure ta ba." Ta gyara lulluɓinta. "Uwata ce. Da kunun geronta aka yaye yaran gidanku, ga shi ko sunanta bai iso kunnenka ba. To, wa kake zargi da mantuwa, ɗan nan?"

Kamilu ya sunkuyar da kai. Can ya matso kusa da ita.

"Iya, ɗauko mini daga farko."