Saje Audi da Gwangwanin da Ya Kumbura

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah gafarta Malam Liman, Sarkin Pawa, dattawan Kurfi da baƙinmu na Dutsin-Ma, sai iyalan mamaci, Inna Sa'adiya da ɗanta Ummaru. Sannunmu da haƙuri.

Ni ne Ilu na Birchi. Yau kwana arba'in da muka kai Saje Audi makwancinsa. Kun san abin da ya shiga tsakanina da shi, kuma saboda shi na roƙi a bar ni in yi magana.

Ya kasance soja kafin ya zama ɗan kasuwa. A yaƙin ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya fara cin naman gwangwani. Yakan ce mana don mayaƙa da matuƙan jiragen ruwa Turawa suka ƙirƙiro shi, kuma a dajin can Bature da Ba'indiye da baƙar fata duk shi suka ci suka rayu. Yaƙi ya ƙare, naman ya bi sojoji gida, ya game duniya. Da Saje ya kasa shi a kasuwar Kurfi, guje masa muka yi. Wasu suka ce mushe ne, wasu suka ce alade. Ya tafi Kano, inda ake yin naman, ya gani da idonsa Musulmi ke yanka shanun, ya dawo ya buɗe ɗaya gaban Sarkin Pawa ya ci. Daga nan muka saki jiki.

Ya kasance mai gaskiya ko da za ta cinye shi. Da damina, shekara takwas ke nan, ya sayar da gwangwani goma sha ɗaya ran kasuwa. Washegari ya duba sauran kwalin, ya tarar sun kumbura, ya huda ɗaya ya ji wari. Ya hau keke cikin ruwa da taɓo, gida-gida har Rawayau, ya karɓo goma. Na ƙarshen yana wurina. Na saya wa ɗiyata Zinariya ne, mai shekara shida, ta tashi daga ƙyanda, ina so ta yi ƙarfi.

Da la'asar ya iso ƙofata yana haki.

"Malam Ilu, ina gwangwanin jiya?"

Na ce, "Ai yarinya ta cinye tun jiya."

Lokacin idonta ya riga ya fara rufewa, ruwa ma ba ta iya haɗiya. Shi ya goya ta, muka kama hanyar asibitin Dutsin-Ma a ƙasa. A bayansa ta cika.

Jama'a, da ya yi shiru, da ƙyanda za mu ɗora wa laifi. Amma ran kasuwa ya tsaya gaban kowa ya ce, "Kayana ne suka kashe ɗiyar Malam Ilu." Ya haƙa rami ya binne hajarsa kaf. Tun daga ranar yake bin duba-gari kasuwa-kasuwa, ba wanda ya sa shi, yana nuna mana yadda ake gane gwangwanin da ya lalace. Allah kaɗai ya san yaran da ya tsirar.

Ni kuwa shekara takwas ban amsa sallamarsa ba. A zuciya na daɗe da yafe masa, baki ne ya ƙi. Ran da na ji ciwon ƙirjinsa ya tsananta na taho in faɗa masa, na tarar ana yi masa wanka.

Inna Sa'adiya, Ummaru, ku karɓa a madadinsa, jama'a kuma ku shaida: na yafe wa Saje Audi duniya da lahira. Ku ma ku yafe mini jinkirina.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Saje, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sada shi da Zinariya a Aljanna, ta isar masa da abin da ubanta ya kasa faɗa. Mu yi masa Fatiha.