Alhaji ya toshe mana indararo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga unguwar Zariya ta Maraɗi nake rubuto muku, don abin ya fi ƙarfina.

Ɗaki biyu nake haya, ni da mahaifiyata da ciwon ƙafa ya kwantar. Da damina ta faɗi, rufin ya fara yoyo. Na roƙi mai gidan, wani dattijon Alhaji, ya kira magini. Sai ya ce, "Ɗiyata, ni na gina gidan nan, ba baƙon da zai taɓa mini shi." Ya kafa tsani ya hau da bokitin siminti. Wallahi garin liƙe tsaga, har indararon ya toshe! Yanzu ruwa ba shi da hanyar sauka, kwanciya yake bisa kanmu kamar tabki. Bango ya jiƙe, jiya wani ɓangare ya faɗo dab da matashin Inna.

Na ɗauko magini daga Tsibiri, Alhaji ya kore shi tun daga ƙofa. Wai gobe zai sake hawa da kansa.

Jama'a, don Allah ina zan sa kaina? Ɗakin haya ba ya samuwa tsakiyar damina. Ga hadari can ya haɗo gabas, Inna kuma ba ta iya gudu.