Gurbin Jiryis a Takardar Biza

A ɗakin jiran masu neman biza a Amman, Abu Zuhair ya ga matar kusa da shi tana karanta jaridar Turanci, sai ya miƙa mata takardarsa.

"'Yata, me suke so a nan?"

"Alaƙarka da wanda za ka je wurinsa, Baba."

"Jiryis ne. Yana kwance a Landan, likitoci sun ce a kira danginsa."

"In ba danginka ba ne, sai a sa friend, wato aboki."

"Aboki? Ai mai sayar mini da taba ma abokina ne."

"Suna da kalmar abokin makaranta, da ta abokin ƙuruciya."

"Wa ya yi makaranta? Da aka haife ni a Karak, uwata ba ta da nono. Uwarsa ta shayar da mu, shi dama, ni hagu. Abin da ya hana ni auren ƙanwarsa ke nan, har yau abin na raina."

Ta yi murmushi. "Turawa ba su ware wa wannan gurbi ba. In na rubuta ɗan'uwa, shaida za su nema."

"Rubuta ɗan'uwa. In shaida suke so, su kai ni bakin gadonsa, su ga wanda zai riga wani kuka."